Na Ce Masa Nas, Ban Ce ta Dabbobi Ba

Kafin kowa ya fara tausaya mini a wajen sharhi, bari in faɗa muku tun yanzu cewa abin da ya same ni ni na jawo wa kaina, da yatsana guda, a kan allon waya.

Sunana Zulfa, 'yar Malam Iro tela da ke Tudun Wada a nan Gombe. Shekarata ashirin da biyu. Sau uku ina zana JAMB ina neman karatun nas, sau uku makina yana zuwa bakin ƙofa ya tsaya yana leƙen waɗanda suka shige. A shekara ta biyu Umma ta gaji da ganina kwance a tsakar gida ina danna waya, ta haɗa ni da ƙawarta Madam Jummy, wata 'yar Tangale da ta daɗe tana aiki a asibitin dabbobi kafin ta yi ritaya ta buɗe shagon maganin dabbobi a Bolari. Aikina in share, in jera kwalabe, in daina ƙiba.

Ranar farko wani mutum ya shigo da bunsuru, na haye benci ina salati. Madam Jummy ba ta ko yi dariya ba, ta ce in sauko in riƙe ƙafar baya. Daga riƙe ƙafa na koma riƙe allura, daga nan na fara bin ta gidaje idan an kira ta. Ta sha gaya mini cewa kaina dai sai a hankali, amma Allah Ya ba ni abu biyu da kuɗi ba ya saye: ƙananan hannu da rashin ƙyanƙyami. Yabon da na taɓa samu ke nan a rayuwata, kuma ko shi da zagi ya fara.

Ita ce ta matsa mini a karo na huɗu na cike karatun jinyar dabbobi a wata jami'a da ke wajen jiha. Na cike ne don ta ƙyale ni. Sai ga shi sun ba ni. Digiri sukutum, sunana da na Babana a rubuce, da sharaɗin in shiga shafinsu in danna na karɓa kafin wa'adi ya cika.

To, ga inda na rusa kaina.

Akwai Suhaib. A bikin wata ƙawata muka haɗu wata biyar da suka wuce. Yana harkar haɗa sola, dogo ne, ba ya son hayaniya, kuma idan ya yi dariya sai ya sunkuyar da kai kamar ya yi laifi. Mutanen Borno ne, rikici ya taso su tun yana yaro suka zauna a Barunde. Da ya tambaye ni me nake yi, na ce ina taya wata mata a shagon magani a Bolari. Ban ce maganin wa ba, shi ma bai tambaya ba. Duk ranar da ya ce zai biyo ta shagon sai in ce layi ya yi yawa. Layin kuwa akwai shi, sai dai rabinsa da igiya a wuya.

Ranar da sakamako ya fito na tura masa saƙo.

"Alhamdulillah, na samu gurbi."

"Masha Allah. Wane karatu?"

Na rubuta "Nas ɗin dabbobi." Na kalli kalmar ƙarshe, ita ma ta kalle ni. Na tuna yadda Adda Bilkis, yayata, take toshe hanci duk ranar da na dawo daga shago. Na goge. Abin da ya isa wayarsa shi ne "Nas."

Ba a yi minti goma ba ya turo saƙon murya. A bayansa ina jin muryar wata dattijuwa tana sa albarka. Ya ce mahaifiyarsa ce, Hajiya Gaji, wadda hawan jini da suga suka daɗe suna wahalar da ita, ta ce Allah Ya kawo mata nas har cikin gida. Na saurari saƙon sau huɗu ina jiran ƙarfin halin gyara maganar ya zo. Bai zo ba. Na tura masa hoton zuciya guda biyu.

Da na kai wa Umma ƙarar kaina, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba. Ta ce ai ba ƙarya na yi ba, taƙaitawa na yi. A ganinta ma kada in karɓi gurbin, in jira fom ɗin makarantar nas ta gaskiya, in ya so maganar ta zama daidai ba tare da kowa ya sani ba. Ta ce wane namiji ne zai dawo gida ya tarar da matarsa tana warin akuya. Adda Bilkis kuwa ta sauya sunana a wayarta zuwa Likitar Bunsuru, ta kuma nuna mini. Baba ne kaɗai bai matsa mini ba. Ya ci gaba da taka kekensa, ya ce ni zan zauna a ajin ba shi ba, in yi istihara.

Na yi istiharar. Na kuma ci gaba da taƙaitawa har sati shida. Suhaib ya koma kirana Sista. Ni kuma ina amsawa.

Sai ya ce jikin Hajiya ya ɗan motsa, ko zan zo dubiya ranar Lahadi, ana saura kwana biyar wa'adi ya cika. Umma ta ce in je da Adda Bilkis. Tun ranar Asabar aka zana mini lalle ja da baƙi har gwiwar hannu. Na sa leshi mai ruwan zuma wanda Baba ya kwana biyu yana yi wa aiki a wuya, mayafi ruwan madara, zobe uku, da takalmin Adda mai tsini wanda ya fi ƙafata da lamba guda, na cusa auduga a gaba. Da na duba madubi na ga wata nutsattsiyar yarinya da ba ta taɓa cusa wa rago magani a baki ba.

Suhaib ya ɗauko mu a motar aikinsa. Tun daga zaure ƙamshin turaren wuta ya tare mu, irin wanda yake bin mutum har gida. Hajiya Gaji na zaune a kan darduma cikin laffaya shuɗiya, siririya, idanunta kamar suna karanta abin da ke bayan goshin mutum. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama hannuna ta ce, "Sannu 'yata, sannu nas ɗinmu."

Ban gama shan shayin da aka ba ni ba aka buɗe asibiti.

Khairat, ƙanwar Suhaib da ta zo wankan gida, ta kawo na'urar awon jini ta ce in gwada Hajiya. Allah Ya taimake ni irin mai madanni ce, sai dai na ɗaura ta a juye, Khairat ta gyara cikin ladabi tana cewa kowane asibiti da irin tasa. Hajiya ta zazzage ledar magungunanta ta tambaye ni wanne ne yake sa ta jiri. Na ɗaga kowane kwali na juya shi da fuskar masana, na ce kada ta canja komai sai ta ga likitanta, ta kuma riƙa shan ruwa da yawa. Wata maƙwabciya ta shigo da ciwon gwiwa. Ruwa da yawa. Sai Khairat ta miƙo mini jaririnta ta ce kwana biyu cikinsa yana kumburi. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya buɗe.

"Yana tuƙa?" na ce.

Adda Bilkis ta shaƙe da shayi. Na yi maza na ce ina nufin yana tsotso sosai, kuma gara a kai shi asibiti gobe.

A daidai lokacin na ji kukan. Daga bayan gida ya fito, kukan tunkiya, amma ba na yunwa ba. Gajere ne, mai nishi a ƙarshe. Na san shi kamar yadda na san muryar Umma. Na tambaya kamar ba komai, Khairat ta ce tunkiyar Hajiya ce take naƙuda tun hantsi, Sule mai duba musu dabbobi ya tafi kasuwar Kumo, wayarsa ba ta shiga. Ta rage murya ta ce ranar da suka baro garinsu sun bar garke guda a baya, 'yar tunkiya ɗaya kawai Hajiya ta rungumo a cinyarta cikin mota. Wannan jikar waccan tunkiyar ce. Ta ce rabin hawan jinin yau ma saboda ita ne.

Na dubi agogon bango. Ƙarfe huɗu saura. Tun hantsi.

Na ce wa kaina, Zulfa ki zauna. Yau ke nas ɗin mutane ce. Kin sa leshi. Kin sa zobe. Tunkiya ta sake nishi, wannan karon a raunane, na ga Hajiya ta runtse ido tana jan carbi. Ban san lokacin da na cire takalmin Adda ba.

Fara ce, babba, mai dogayen kunnuwa irin na tumakin Borno, tana kwance a gefe cikin turke. Kan ɗan ya fito da ƙafa ɗaya, harshensa ya fara canja launi. Ɗaya ƙafar ta naɗe a ciki. Na taɓa ganin irin wannan sau uku, na taɓa yi sau ɗaya, shi ma Madam Jummy na tsaye a kaina tana faɗa.

Na ce a kawo ruwan ɗumi, sabulu, man gyaɗa da tsohon buhu. Muryar da ta fito daga bakina ba irin wadda na gaishe da Hajiya da ita ba ce. Na zare zobba na miƙa wa Khairat, na ɗaure mayafi a ƙugu, na ce wa Suhaib ya riƙe mini kanta. Ya riƙe, yana kallona kamar yau ya fara ganina. Na ce wa Adda ta kira Madam Jummy ta sa a lasifika, don hannuwana ba za su taɓa waya ba.

Na durƙusa a cikin kashin tumaki da leshin Babana. Na wanke hannu, na shafe lallen nan na kwana guda da man gyaɗa, na yi bismillah. Madam Jummy tana ta magana daga wayar: in jira nishin ya lafa, in tura kan baya a hankali, in bi wuya zuwa kafaɗa, in bi kafaɗa zuwa gwiwa, in dunƙule kofaton a tafin hannuna kada ya yage uwar. Ina yi ina yi wa tunkiyar magana, ina ce mata yi haƙuri Hajiya, saura kaɗan Hajiya, don haka muke kiran kowace tunkiya a shago. Sai daga baya na tuna akwai wata Hajiyar a tsaye a bayana, ta dafa Khairat ta fito.

Ƙafar ta miƙe. Na haɗa biyun na ja ƙasa tare da nishinta, ɗan ya sulluɓo gaba ɗaya ya faɗo a cinyata. Ba ya motsi. Na share masa hanci da baki, na murje shi da buhu, na tsinko kara na sosa cikin hancinsa. Shiru. Na sake murzawa kamar ina wanki. Sai ya yi atishawa, ya girgiza kunnuwan nan da suka fi kansa tsawo. Na tura shi gaban uwar, ta ɗago kai ta fara lasa.

Na ce, "Madam, ya fito, yana numfashi."

Da a nan ta kashe wayar, da yau wani labarin nake ba ku. Amma Madam Jummy ba ta san tana lasifika ba, kuma ko ta sani ba na jin za ta rage murya.

"Kin gani ko? Wannan aikin aka yi hannunki dominsa. Yanzu kin danna kin karɓi karatun dabbobin nan, ko har yau kina ɓoye wa saurayin naki mai sola?"

Adda Bilkis ta kashe wayar, amma ta makara da jimla guda.

Babu abin da ake ji sai lasar tunkiya. Ina durƙushe, hannuwana a sama kamar wadda aka kama da sata, leshi ya tashi daga ruwan zuma ya koma wani launi da ba shi da suna. Hajiya Gaji ta tambaya a hankali, wane karatu matar ta ce.

Na so in ce ruwa da yawa. Amma na gaji. Na faɗa mata duka: jinyar dabbobi aka ba ni, shagon da nake zuwa na maganin dabbobi ne, ban san komai a kan suga ba, kuma Suhaib bai sani ba, ni na yanke kalmar. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta dubi ɗan tunkiyar da ke ƙoƙarin tsayawa yana faɗuwa. Ta ce wa Khairat ta kai mini ruwa banɗaki ta ba ni laffaya in sauya.

Haka na koma Tudun Wada a naɗe cikin laffayar uwar saurayina, wadda ban iya ɗaurawa ba, leshina a leda, auduga ɗaya ta ɓace daga takalmi. Suhaib ne ya mayar da mu a motar. Da muka isa Adda ta shige gida da sauri, ni kuma ya ce in tsaya.

"Ba dabbobin ba ne, Zulfa," ya ce, yana kallon sitiyari. "Da kin gaya mini, da dariya zan yi in ce Allah Ya ba da sa'a. Sati shida kina ji ina gaya wa mahaifiyata abin da ba shi ne ba. Ta gaya wa 'yan'uwanta har Maiduguri. Me kika gani a tare da ni da ya sa kika ɗauka sai kin rage kanki zan so ki?"

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce ya ji, ya tayar da mota.

Litinin na tura masa sallama. Ya karanta, bai amsa ba. Talata na rubuta masa dogon bayani mai sakin layi bakwai, na goge shida, na tura ɗaya. Ya karanta. Laraba ya cire hotonsa daga WhatsApp, ya sa hoton faifan sola. Na zauna ina zuƙo hoton ina neman saƙo a cikinsa. Umma ta ce ga irinta nan, da na zauna a kan darduma kamar kowace 'yar mutunci da yanzu ana maganar sa rana. Ta ce har yanzu da sauran gyara: in bar gurbin ya wuce, in aika a ce wa Hajiya na fasa, zan nemi na mutane. Madam Jummy kuwa da na je mata da fushina, cewa ta yi ita ba ta ga abin ba da haƙuri ba, in miƙo mata sirinji.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, a duk kwanakin nan, ko ina tsakiyar kuka, tunanina sai ya zame ya koma turken nan. Ko mahaifa ta faɗi? Ko ɗan ya samu nonon farko? Saurayi yana shirin barina, ni kuma ina tunanin cibiyar ɗan tunkiya. Har lambar Khairat na nema don in ce a shafa masa aidin, na tura, na kashe wayar don kunya.

Ranar Alhamis da hantsi na sami Baba a shago yana yanka wata shadda. Na zauna a kan buhun ƙyalle na ce ina jin tsoro in karɓa in rasa Suhaib, ina kuma jin tsoro in bari in rasa abin da ban san sunansa ba. Ya ajiye almakashi. Ya ce shi ya ga leshin da na dawo da shi, ya jiƙa shi da kansa, ba zai fita ba. Ya ce shekara talatin yana ɗinki, bai taɓa ganin kayansa sun lalace ta hanyar da ta yi masa daɗi ba sai wannan.

Na fito da waya a gabansa. Shafin ya yi ta juyawa, sabis yana zuwa yana tafiya, har na fara cewa wataƙila alama ce. Baba ya ce alamar in matsa bakin ƙofa ce. Na matsa. Na danna. Rubutu kore ya fito yana taya ni murna. Na ɗauki hotonsa na tura wa Suhaib, na rubuta a ƙasa: "Jinyar dabbobi. Cikakken sunan ke nan. Na karɓa." Wannan karon ban goge komai ba.

Ya karanta. Bai amsa ba.

Umma ba ta yi mini magana ba sai da za ta ce in sauke tukunya.

Yau Juma'a, wajen goma na safe, ina tsugune ina wanke-wanke da tsohuwar rigar Baba da ɗankwali a karkace, na ji Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama. Ƙamshin turaren ne ya riga ta shigowa. Hajiya Gaji ce da kanta, matar da aka ce ko bikin dangi ba ta cika zuwa ba, tana dafe da Khairat. Umma ta rasa inda za ta sa kanta, ta shimfiɗa darduma, ta naɗe, ta sake shimfiɗa wata. Ni kuwa na miƙe da kumfa har gwiwar hannu, na rasa ko in gaishe ta ko in shige cikin randa.

Hajiya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce an shafa aidin ɗin. Sannan ta ce in ba su wuri, da mahaifiyata ta zo magana.

Na ba su wuri, wato na zagaya bayan taga na manna kunne. Aka gaisa, aka tambayi jiki, aka tambayi zafi, aka sake tambayar jiki. Ina jin Umma ta fara jero ban haƙuri, tana cewa yarinta ce, Hajiya ta dakatar da ita.

"Ba ban haƙuri na zo karɓa ba," ta ce. "Jiya ɗana ya zauna a gabana ya ce shi ya fasa. Na bar shi ya gama. Shi ne na ce bari in zo da ƙafata in shaida muku, ni ban fasa ba."

Kwanon da ban san ina riƙe da shi ba ya suɓuce ya faɗi a kan siminti, ya yi ta juyawa yana ƙara kamar ba zai tsaya ba.

Daga cikin ɗaki Hajiya ta ce, "Shigo, 'yata. Tunda dai kina ji."